Zauren Tambaya: wai wannan zaman kwamitin da muke kallo a talabijin, ina yake ƙarewa ne?

Assalamu alaikum jama'ar zango. Saƙonnin wannan watan sun taru min a kan abu ɗaya kamar an haɗa baki, to na ɗauki huɗu, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon. Mai tambayar maganin basir kuma ba layina bane, na miƙa saƙonka ga mai shafin lafiya.

Hajiya Adiza, Aboabo, Kumasi:
Malam barka da aiki. Ni atamfa nake sayarwa kuma talabijin ɗina na shago kullum a kunne yake. Duk shekara ina ganin kwamitin nan na majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati, wato PAC, suna zaunar da manyan ma'aikata suna ta daka musu tsawa, wannan bai kawo rasit ba, wancan ya yi ta biyan albashi ga mutumin da ya daɗe da barin aiki, mutum sai share gumi yake. Amma wallahi ban taɓa jin ance ga wanda aka wuce da shi gidan yarin Nsawam daga wurin ba. Ni da na makara biyan kuɗin lasin sati biyu kacal sai da na tarar da kwaɗo a ƙofar shagona. To meye amfanin zaman?

Hajiya sannu da kasuwa, Allah ya kawo masu saye. Amsar a gajarce ita ce kwamitin ba kotu bane, ba shi da ikon ɗaure kowa, kuma inaga a nan ne mafi yawanmu muke samun ruɗani saboda zaman nasu yayi kama da kotu sosai, ga rantsuwa ga tambayoyi ga lauya a gefe.

Bari in bi miki hanyar tun daga tushe. Akwai Odita Janar, mai binciken kuɗin gwamnati, tsarin mulkin Ghana na 1992 a sashi na 187 ya ɗora masa duba littattafan kuɗi na ma'aikatu, asambile wato ƙananan hukumomi, makarantu, kamfanonin gwamnati, sannan ya kai rahotonsa majalisa cikin wata 6 bayan shekarar kuɗi ta ƙare. Majalisa ta miƙa wa PAC. Su kuma su kira duk wanda aka ambata su ce to ga abinda odita ya rubuta a kanka, me zaka ce. Sashi na 103 ya ba kowane kwamitin majalisa ikon babbar kotu a abu uku: ya tilasta maka zuwa ya rantsar da kai, ya tilasta maka fito da takardu, in kuma shaidar tana ƙasar waje ya tura a ɗauko bayaninta. Shikenan. Yanke hukunci baya ciki. In sun gama sai su rubuta nasu rahoton su kai zauren majalisa a yi muhawara, wanda suka ga laifinsa ya kai na kotu su miƙa sunansa ga Atoni Janar, don shi tsarin mulki ya ba wuƙa da nama a kan gurfanar da mutum. To kinga Atoni Janar ɗin nan minista ne, shugaban ƙasa ne ya naɗa shi. Sauran lissafin ke ma kin iya, ba sai na ƙarasa ba.

Amma fa ban yarda da masu cewa zaman banza bane, kuma dalilina abinda na gani ne da idona. Shekarun baya kwamitin ya zo zama nan Kumasi, don sukan zagaya yankuna su saurari asambile da makarantu maimakon kowa ya kwashi jiki zuwa Ankara, wato Accra. Wani abokina akanta ne a wata sakandare, aka kira shugaban makarantarsu da shi, na raka shi. Kuɗin da ake magana bai kai na babur sabo ba, an fitar ne don wani taro ba a kawo rasit ba, kuma maganar ta kwana shekara biyu ko fiye a rahoto babu wanda ya waiwaye ta. Ranar da takardar gayyata ta iso, mutumin nan da a da in ka tada zancen sai yace "ai ƙaramin abu ne", sai gashi yana juye kabad yana kiran mai kantin da aka sayi kaya a wajensa. Abinda bai samu rasit ɗinsa ba ya ciro daga aljihunsa ya kai banki. Da safe muka shiga ɗakin taro, layin mutane kowa rungume da fayil kamar masu jiran biza, babu mai yi wa wani magana. Da aka zo kansu aka miƙa masa Alƙur'ani ya yi rantsuwa, na ga takardar bankin tana rawa a hannunsa. Mai jagorantar zaman ya karɓa ya duba, ya ɗago kai yace yaushe ka biya. Yace jiya. Ɗakin ya fashe da dariya, aka juya wajen jami'in odita aka tambaye shi ko ya tabbatar kuɗin sun shiga, yace eh, aka ce su tashi kar a sake ganinsu. Duka-duka minti goma bai cika ba. Amma kuɗin sun koma, kuma har ya yi ritaya ko biro aka saya sai ya manna rasit.

To wannan shine ainihin makamin nasu, kunya da tsoron kamara. Kafin 2007 a rufe ake zaman, a shekarar ne aka fara buɗe shi jama'a suna gani, kuma ƙa'idar majalisa ce shugaban PAC ya fito daga jam'iyyar da bata riƙe da gwamnati, don ba a ba kura ajiyar nama. Shi yasa lokacin mulkin jam'iyyar NPP daga 2017 James Klutse Avedzi na jam'iyyar NDC ne yake kan kujerar, da mulki ya juya a 2025 ta koma hannun Abena Osei-Asare ta NPP.

Inda nake tare da ke ɗari bisa ɗari shine wannan kunyar ƙananan kifi take kamawa. Akanta da hedimasta suna tsoron a gansu a labaran yamma, wanda ya haɗiye miliyoyi kuwa ya zo da lauyoyi uku yace zai kawo takardu nan da sati biyu, sati biyun kuma kin san yadda take. Ga jinkiri, sau da yawa rahoton da ake tattaunawa na shekarun baya ne, wanda ya yi aika-aikar an canza masa wurin aiki ko ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ne zai zo yana cewa lokacin bana nan. Wanda doka ta ba ikon cewa kai wane maido da kuɗin nan daga aljihunka shine Odita Janar da kansa, kuma shekara da shekaru ba a amfani da ikon sai da ƙungiyar OccupyGhana ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a 2017 cewa dole ya riƙa yi. Odita Janar na lokacin, Daniel Domelevo, ya fara yi da gaske, a 2020 fadar shugaban ƙasa ta tura shi hutun dole, a 2023 Kotun Ƙoli tace wannan umarnin ya saɓa tsarin mulki, amma lokacin tuni ya bar ofis. Ihu bayan hari kenan. Kwaɗon shagonki kuwa Hajiya, ai ke babu wani Atoni Janar tsakaninki da mai kwaɗon, shi yasa naki ya yi sauri.

Fuseini, Nima, Ankara:
Baba Malam ina gaisuwa. A bes ɗinmu mun yi gardama har ataya ta huce. Ni nace tantance ministoci da ake yi wasan kwaikwayo ne kawai tunda ko me mutum ya faɗa sai ya wuce, abokina yace ba haka bane. Kuma in minista ya riga ya hau kujera akwai abinda kwamiti zai iya yi masa? Ka raba mana.

Ɗana Fuseini, ku dafa wata atayar don kowannenku yana da rabin gaskiya. Sashi na 78 yace shugaban ƙasa ba zai naɗa minista ba sai da amincewar majalisa tukunna, kwamitin naɗe-naɗe wanda mataimakin kakaki na farko yake shugabanta shi ke zaunar da mutum ya yi masa tambayoyi, daga takardun haraji da bautar ƙasa har zuwa maganganun da ya taɓa yi a rediyo ya manta. Nan Kumasi duk mun zauna gaban talabijin a Janairun 2025 ranar da aka tantance ɗan majalisar Asawase, Muntaka Mubarak, a matsayin ministan cikin gida, mutumin da shi kansa ya yi shekaru yana zaune a ɗaya ɓangaren teburin yana yi wa wasu tambaya.

Gaskiyarka ita ce a ƙarshe ƙuri'a ce ke magana, kuma mai rinjaye shi ke da ƙuri'a. Kai ko lokacin da majalisa ta rabu biyu daidai, NPP 137 NDC 137 da ɗan indipenda ɗaya na Fomena, a Maris 2023 uwar jam'iyyar NDC ta umarci 'yan majalisarta su ƙi sabbin ministocin shugaban ƙasa na lokacin Akufo-Addo, aka shiga ƙuri'ar sirri, da aka ƙirga duk sun wuce, wato wasu daga cikin gida sun yi abinda suka yi. Kuma abinda ya faru a zaman tantance ministoci daren 30 ga Janairu 2025, manya da kwat suna ture tebur ana fasa makirfo a kan ko a ci gaba da zama ko a ɗage zuwa gobe, har kakaki Bagbin ya dakatar da mutum huɗu, wannan ko ni bazan kare shi ba, yaranmu suna kallo.

Gaskiyar abokinka kuma ita ce duk abinda mutum ya faɗa a wurin bisa rantsuwa ya faɗa, kuma an naɗa an ajiye. Wanda yace zan gama asibitin nan cikin shekara biyu, bidiyon yana nan, ranar da ya dawo neman kuɗin ma'aikatarsa za a tuna masa. Ni a wajena wannan ajiyar ita ce ribar, ba wucewa ko faɗuwa ba.

Tambayarka ta biyu tafi daɗi. Eh ana kiran minista mai ci, kuma misalin da nake so ka riƙe shine na allurar korona ta Sputnik a 2021. Ma'aikatar lafiya ta ƙulla ciniki da ofishin wani shehi na Dubai a kan dala 19 kowace allura alhali ana samunta wajen dala 10 daga masu yinta, kuma sashi na 181 yace irin wannan ciniki da 'yan ƙasar waje sai majalisa ta amince. Aka kafa kwamitin wucin gadi na mutum 9, Afenyo-Markin ke shugabanta. Minista Kwaku Agyeman-Manu ya zauna gabansu ya amsa da bakinsa cewa bai kawo wa majalisa ba kafin ya sa hannu, yace halin da ake ciki ne na mutane suna mutuwa. A binciken ne ya fito fili cewa an riga an tura dala miliyan 2.85, allura 20,000 kawai suka iso, daga baya aka maido da dala miliyan 2.47. Abin da zai baka mamaki, wannan ministan shine shugaban PAC daga 2013 zuwa 2016, shi ke tambayar mutane ina takardar amincewa. Reshe ya juye da mujiya. Amma an cire shi? Ko kusa, yana nan a kujerarsa har farkon 2024.

Na Ken Ofori-Atta, ministan kuɗi na lokacin da aka nemi tsigewa, ma haka, a Nuwamba 2022 aka kafa kwamitin mutum 8, huɗu-huɗu, shugabanni biyu K.T. Hammond da Dominic Ayine, ya zo da lauyansa ya kare kansa ƙasa duka tana kallo. Ranar ƙuri'a a Disamba 'yan NPP suka tashi suka fice, aka samu ƙuri'a 136, tsarin mulki kuma kashi biyu cikin uku yake nema. Magana ta mutu a nan. To kaga kwamiti yana iya tono abu ya baje shi a rana, kuɗi ma yakan dawo, amma tsige mutum daga kujera lissafin kawuna ne. Ka biya kuɗin sukari, shi ya biya na ganye.

Wata 'yar'uwa daga Madina, bata so a faɗi suna:
Malam maigidana ma'aikacin gwamnati ne, an aiko masa takarda wai ya bayyana gaban kwamiti a kan abinda ya faru kafin ma a kawo shi ofishin. Kwana uku baya cin abinci. Wasu sun ce ya ce ba shi da lafiya kawai. Ya za mu yi?

Ƙanwata ki ce masa ya ci abinci, sannan ya je. Masu ba shi shawarar ciwon ƙarya ba su zasu kwana a ciki ba, ƙin amsa kira raina majalisa ne kuma laifi ne mai zaman kansa, akwai kwamitin da aikinsa kenan. A 2015 wani mai gabatar da shiri a rediyo a Ankara ya ce mafi yawan 'yan majalisa suna shan wiwi, sai da ya zo gabansu ya ba da haƙuri, balle wanda aka aiko wa takarda da sunan ofishinsa. Ofis ake kira ba mutum ba, shi yasa ta faɗo kansa. Ya nemo takardar miƙa aiki da wanda ya gada ya bar masa, ya je wajen masu odit tun yanzu su duba abinda yake da shi don ranar zama su za a juya a tambaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Yana iya tafiya da lauya. Sashi na 121 ya ba mai ba da shaida kariya irin ta mai shaida a kotu, amsar da ya bayar ba za a ɗauka a yi masa shari'a da ita a waje ba, sai fa in ƙarya ya yi bisa rantsuwa, wannan kam ba mai cetonsa. Abinda bai sani ba yace a ba shi lokaci ya kawo, kar ya rufa wa wani asiri da wuyansa.

Mumuni, Sawaba, Kumasi:
Malam ni ne sakataren ƙungiyar matasan layinmu. Duk damina gota tana cika ruwa ya shiga ɗakuna, an yi mana alkawari ya fi a ƙirga. Muna so a kafa mana kwamiti kamar yadda aka yi na Ejura mu je mu faɗi namu. Ta ina za mu fara?

Ƙanena Mumuni, da farko na Ejura ba na majalisa bane. Bayan rasuwar Kaaka, wani ɗan gwagwarmaya na garin Ejura, da harbin masu zanga-zanga da aka yi a Yunin 2021, ministan cikin gida ne ya kafa kwamitin mutum 3 ƙarƙashin Mai shari'a Koomson bisa umarnin shugaban ƙasa, suka zauna nan Kumasi, rahotonsu kuma gwamnati suka miƙa wa. Wannan ɓangaren zartarwa ne yake binciken kansa. Kuma kar Allah ya kawo ranar da za a kafa wa Sawaba irin wannan, don sai an zubar da jini ake yinsa.

Naku ba ya buƙatar sabon kwamiti, akwai su a ƙasa suna jira. Kowace ma'aikata tana da kwamitin da ke sa mata ido a majalisa, na ayyuka da gidaje yana nan, na ƙananan hukumomi yana nan. Akwai kuma wani da mutane basu cika sani ba, kwamitin bin diddigin alkawuran gwamnati, aikinsa kawai ya ɗauko abinda minista ya faɗa a majalisa cewa za mu yi, ya kira shi yace ina aka kwana. Amma ka lura da kyau, alkawarin da aka yi a zauren majalisa, ba wanda aka yi muku a bakin masallaci ranar Juma'a ana saura wata biyu zaɓe ba. Shi yasa aikinku na farko shine ku mayar da maganar baki ta zama ta takarda: ku sa ɗan majalisarku ya yi wa minista tambaya a zaure a kan gotar nan da sunanta, duk amsar da ya bayar ta shiga kundin majalisa, daga ranar kuna da abin riƙewa. In naku minista ne ko yana ɓangaren gwamnati yana jin nauyi, ba haramun bane ku kai wa wani ɗan majalisar da ke cikin kwamitin, ɗan adawa ma ya fi son irin wannan.

Sannan lokaci. Doka tace a kawo kasafin kuɗi majalisa kafin 15 ga Nuwamba ya wuce, in ba shekarar zaɓe ba, daga nan ne kwamitoci suke zama da kowace ma'aikata suna bin lissafinta layi-layi kafin a amince. Mu kuma 'yan zango sai a watan Yuni ruwa na cikin ɗaki muke tunawa da gota, mu kira 'yan jarida mu yi fushi, rana ta fito kowa ya shanya katifarsa a manta. Takardarku ta isa tun Satumba ko Oktoba. Haka muka yi da Asusun Raya Zango, an yi dokarsa a 2017, har ma'aikata guda aka kafa mana a shekarar aka rushe ta a 2021, mu nawa ne muka taɓa zuwa muka zauna a bayan ɗaki ranar da ake duba nawa aka ware nawa aka saki? Ni kaina ban je ba, don haka ba gori nake muku ba.

Takardar kar ta wuce shafi biyu, kuma banda zagi banda kirari. Sunan layi, tsawon gotar ko da da ƙafa kuka auna, gida nawa ruwa ya shiga bana, hotuna masu kwanan wata, wa ya yi alkawari kuma yaushe. Sarkin unguwa da liman da asambileman, wato wakilinku a asambile, su sa hannu, mata ma su sa don su ke kwashe ruwan. Ku yi kwafi uku, ɗaya ga ɗan majalisa, ɗaya ga akawun kwamitin a majalisa, ɗaya ku riƙe, kuma wanda zai kai Ankara kar ya baro ofishin sai an buga masa hatimi da kwanan wata a kan taku. In kun rubuta ka turo min in duba muku Turancin kafin ku buga.